Abin da na koya a wurin jan wayar caja a mashin

Haɗa wayar caja da batirin mashin aikin minti biyar ne, ja ta hau kan filas baƙa ta hau kan mainas, ka ɗaure noti shi ke nan, duk yaron da ya yi sati a shago zai iya. Amma mu da muke wanga aiki na rewaya nan Birnin Kebbi mun san wahalar tana ga hanyar da wayar za ta bi tun daga kan batir har inda bakinta zai tsaya, da kuma yadda za ka kama ta kar ta riƙa yawo. Waya ba ta nuna maka matsala ranar da ka sa ta, ranar ai komi lafiya lau, mai mashin ya biya ya tahi yana sa albarka, sai bayan wata biyu ko uku abin ya fito.

Da can ba kowa ya damu da batir ba, in dai kik na aiki to tafiya ta samu. Yanzu mashinan sitata sun yi yawa, kuma tun da anka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane da dama sunka koma aje mashin gida, musamman ma'aikata, sai in fita ta kama dole. Shi kuma batir ba ya son zama, ko ba ka taɓa shi ba yana sauka da kanshi, lokacin zafi ma ya fi saurin sauka, in ya daɗe a ƙasa farantan ciki su kama wani farin abu ya daina riƙe caji. Batir mai lafiya da ya huta in ka ɗora mashi mitar auna wuta za ka ga bolt 12.6 ko sama kaɗan, in ka ga ya sauko 12 daidai to ya yi nisa. Shi ya sa masu dabara ke zuwa a sa masu 'yar guntuwar waya da za ta zauna jikin batir dindindin, bakinta ya leƙo waje, in an kawo wuta su jona caja kawai ba sai sun kwance murfin gefe kullum ba. Sai kuma 'yan kabu-kabu, su tasu buƙatar daban, cajar wayar hannu suke so a kan mashin kusa da hannu don wayarsu ta wuni da caji. Aikin kusan ɗaya ne, sai dai tasu ta fi tsawo kuma ta fi rigima.

Abu na farko da oga ya dasa mani a kai shi ne fis, ɗan abin nan da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa. Ya kan ce yaro, fis ɗin ga ba caja yake tsaro ba, waya yake tsaro. Da farko ban gane ba sai da na yi tunani, wayar da ta fito daga kan filas tana da wuta ko makulli na kashe, ko mashin na kwana cikin zaure. In robar jikinta ta goge ta taɓa bodi, batirin ga da kake gani ɗan mitsitsi zai tura duk ƙarfinshi cikin siririyar waya ta yi jajur cikin ƙiftawar ido, ga tiyon mai da kafireta nan kusa. To in ka sa fis can ƙarshe kusa da bakin caja, duk tsawon wayar da ke bayanshi ba ta da mai tsaro. Wurinshi dab da kan batir, iya kusancin da wuri ya ba ka. Wayoyin caja da ke zuwa a haɗe galibi da fis mai lamba 7.5 suke zuwa, lambar ga amfiya ce wato ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya, cajar wayar hannu kuwa abin da take ja bai taka kara ya karya ba, wajen amfiya 1 ne, mai lamba 3 ko 5 ya ishe ta. Masu cire fis in ya ƙone su naɗa zaren waya ko takardar kwalin sigari a madadinshi, Allah dai ya kyauta, fis ɗin ai magana ya yi maka, cewa ya yi akwai matsala je ka duba.

Wajen kwancewa mainas ake fara cirewa, wajen mayarwa shi ne na ƙarshe. Dalili bodin mashin gaba ɗaya mainas ne, in ka fara da filas sifana ta goce ta taɓa ƙarfe sai tartsatsi, batir mai ruwa kuma yana fidda iska mai kama wuta. Kan wayar a sa mashi zobe a matse da kyau, ban yarda da murɗa gashin waya a cusa ƙarƙashin noti ba don jijjiga na warware shi. Babbar wayar mashin ita ke fara kwanciya jikin kan batir, zoben caja ya hau samanta. Akwai ɗan notin nan da ke zama ƙarƙashin kan batir, in an ƙara zobe sai ƙusa ta kasa kamo shi, ka yi ta juyi a banza, ka yanko 'yar roba ka tura ƙarƙashinshi ta ɗago shi sama, magana ta ƙare. A shafa ɗan basilin ko giris a bisa saboda farin garin nan da ke ci.

Kala kuma kar ta ruɗe ka. Wayar caja ja da baƙa ce, amma wayoyin jikin mashin kowane kamfani da tsarinshi. A tsarin Honda da mashinan Caina da sunka kwaikwaye shi, koriya ita ce ta bodi, baƙa kuwa wuta ce da ke zuwa in an kunna makulli. A tsarin Suzuki baƙa mai farin layi ita ce ta bodi, mai ruwan lemu ita ke biyo makulli. Ka ga wanda ya ɗauka duk baƙa mainas ce ya shiga uku. Mita ko ɗan gulob na gwaji su ke faɗin gaskiya. Kuma cajar wayar hannu a kan wutar da ke biyo makulli ya kamata ta zauna, don da yawansu ko ba a jona komi ba suna shan wuta kaɗan kaɗan, kwana kaɗan mashin na aje sai sitata ta ƙi juyawa. Wayar cajin batir ce kawai ke tahiya kai tsaye ga batir.

Yanzu ga hanyar. Abin da mutum ke mantawa shi ne yana aikin ne a kan mashin da ke tsaye bisa jak, babu kowa a kai, injin ya huce. Wannan ba shi ne mashin ɗin da wayar za ta rayu a ciki ba. Na gaskiyar shi ne wanda zai ɗauki mutum uku da buhu a kariya, ya sauka kwalta ya shiga hanyar fadama, shoka na nutsewa har ƙarshe, sit na danna ƙarfe, cen na dukan sama da ƙasa, salansa ta ɗau zafi ga ranar Afrilu da ke wuce digiri 40. Inda ka ga sarari yatsa biyu mashin na tsaye, in an yi lodi babu shi.

Wani dattijo ya taɓa kawo mana mashin daga wajen Aliero, da shi yake kai albasa kasuwar Jega. Ya ce ɗana, batir na biyu ke nan na saye kuma duk safiya sai na tura, wani lokaci in ji ƙaurin roba. Na ce Baba bari mu ɗaga sit. Wanda ya sa mashi cajar ya bi da wayar ta saman ƙarfen da sit ke zama a kai, ba fis ba komi, duk sanda anka ɗora buhu sit ya danne ta, har robar ta baje jan ƙarfen ya fito yana sumbatar bodi. Ba ta kama gaba ɗaya ba, taɓawa take tana saki, shi ya sa ba ta tashi wuta ba, Allah ne ya tsare. Batiran da ya yi ta saye ba su da laifin komi. Abin kamar igiyar guga ne da bakin rijiya, ja ɗaya ba ya yin komi, amma yau da gobe sai ka ga igiyar ta sille.

To ni dai hanyar da na fi yarda da ita ita ce wadda kamfani ya riga ya bi. Babbar haɗakar wayoyin mashin tana da layinta jikin ƙarfe ta ƙarƙashin tanki, waɗanda sunka ƙera shi sun riga sun yi lissafin zafi da motsi, ka bi gefenta kawai ka huta. Ko da zai sa ka ɗaga tanki ka ɗaga, noti nawa ne. Gefen ƙarfe ake bi ko ƙasanshi, ba samanshi inda sit ko tanki ke zama ba. Nesa da kan injin da salansa, nesa da cen da sipaket, nesa da shoka da sandar birkin baya. Kar a ɗaure ta jikin tiyon mai, kar a ɗaure ta jikin wayar totur ko ta kuloci, don waɗannan motsi suke kuma in ka matse wayar totur za ta iya ƙin komawa, wannan kuma ba maganar batir ba ce, maganar rai ce. In batir mai ruwa ne akwai siririn tiyon da ke fidda iska da ɗigon asid zuwa ƙasa, a lura kar a lanƙwashe shi ko a ture shi, in ya goce asid ɗin zai riƙa ɗiga kan waya da cen.

Wuyan mashin nan ne wurin da ya fi cin waya. Kai na juyawa, bodi na tsaye, to dole waya ta samu ɗan sassauci a tsakani. In ta yi ɗaf, ranar da mai shi ya karya kan har ƙarshe zai yi kwana sai ta tsinke daga ciki roba na nan lafiya, ka yi ta nema ba ka gani. In ta yi sako-sako da yawa kuma ta shiga tsakanin ƙarfen da ke tare kai ya datse ta. Sai ka juya kan dama har ya tsaya, ka juya hagu har ya tsaya, idonka na kan wayar, hannunka na taɓa ta. Bayan nan in sauke mashin daga jak, in hau in sa yaron shago ya hau baya mu yi ta dannawa, masu wucewa su ɗauka wasa muke.

Wajen ɗauri, baƙin salatif shi kaɗai ba ya riƙo a garin ga, zafi na narkar da gam ɗin ƙura ta shiga, sati kaɗan ka gan shi yana lilo. Robar ɗaurin nan mai haƙora da ake ce ma kebul tai ita ce daidai, baƙar ta fi farar jure rana, farar bushewa take ta karye. Kamar kowane taƙi ɗaya a sa guda, kuma kar a ja ta da filaya har ta nutse cikin robar waya, ta kama dai yadda waya ba za ta zame ba. A yanke wutsiyar daidai da kanta don tsinin na yanka hannu. Inda dole waya ta ratsa bakin ƙarfe mai kaifi ko inda anka yi walda, sai in tsaga tsohon tiyon mai in sa ta ciki, ko in naɗa robar tsohon tib tukuna in ɗaure. Wayar ƙarfe ta ɗaurin rodi kuwa ko kyauta anka ba ka kar ka kusanto da ita. In waya ta yi tsawo a ninke ragowar a ɗaure wuri guda, ba a nannaɗe ta jikin ƙarfe ba.

Bakin da ake jona caja shi ma yana da nashi. Irin mai ƙafa biyu ɗin nan, ɗaya a waje ɗaya a ɓoye cikin roba, ta ɓangaren batir wadda ke ɓoye ita ce filas, amma ina gwadawa da mita don akwai na kasuwa da ke zuwa a juye. Ya zauna inda hannu zai kai ba tare da an kwance komi ba, galibi bakin murfin gefe, fuskarshi na kallon ƙasa, murfinshi a rufe. Ruwa bin waya yake, saboda haka a bar ta ta ɗan yi ciki ƙasa inda ruwan zai ɗige kafin ya kai ga fis ko kan batir. Damina da masu wankin mashin da injin feshi ba su da tausayi, hunturu kuma ƙura ce ke cika ramin.

Sai cajar kanta. Batiran mashinanmu ƙanana ne, lambar girmansu 5Ah ko 7Ah, ƙa'ida a ba su kamar kashi ɗaya cikin goma na wannan lamba, wato 0.5 ko 0.7 na amfiya, a hankali. Wanda ya jona cajar batirin mota don sauri zai ga batir ya yi zafi ya kumbura. A fara jona waya sannan a kunna soket, kuma ba cikin rufaffen ɗaki kusa da murhu ba. Kafin ma in sa wa mutum wayar sai na tada mashin na duba ko yana caji da kanshi, in an ɗan murɗa totur mita ta nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5. In bai kai ba to matsalar rektifaya ce ko kwayil, su ne ke ba batir caji in injin na aiki, kuma gara in gaya ma mai shi gaskiya da in karɓi kuɗinshi in sa waya ta rufe ciwon.

Inda muke samun saɓani da kwastoma shi ne lokaci. Ɗan kabu-kabu zai tsaya kanka yana cewa oga don Allah yi sauri fasinja na wucewa, can gaba minti goma ake yi. Ban ga laifinshi ba, balas ke jiranshi da yamma. Amma ɗaga tanki da bin layi da gwaji ba ya yiwuwa a minti goma, kuma kuɗin da zai ba ni kusan ɗaya ne da na mai minti goman. Wasu su haƙura su zauna bisa benci, wasu su ja mashin su yi gaba, ba na riƙe kowa. Wanda ya tsaya nakan ce ya biyo bayan sati in sake dubawa kyauta, in bi wayar da yatsa in ga ko akwai inda roba ta fara sheƙi ko ta baje, in ƙara matse notin batir don yakan saki bayan an sha hanya. Ma'aikata ba su cika dawowa ba, 'yan kabu-kabu ne ke tsayawa tun da dama hanyarsu ce.