Murya babu hoto, hoto babu murya: abin da bidiyon biki ya koya min

Ni dai aikina ɗaukar bidiyon biki da suna da walima, in tace in zuba wa mutane a filashi, kuma gaskiya ɗaukar ba ita ce wahala ba, tacewar ma da sauƙi, rigimar tana farawa ne bayan an kai aiki gida an soka a talabijin. Wani ya kira ya ce murya na fita amma allon baƙi ƙirin, wani ya ce ga hoto nan tas amma ba a jin komai, wata Hajiya kuma ta ce "yaro, ni nawa ko sunan bikin ma bai fito ba". Alhali duk a laftof ɗina lafiya lau suke yi.

To a nan ne na fara gane cewa laftof ba sheda ba ce. VLC da muke buɗe komai da shi yana tafe da kayan aikinsa ne, kusan duk irin bidiyon da ka ba shi zai warware, in abin ya yi nauyi ya ɗora wa kwamfutar. Ita kuwa talabijin ɗan guntun cif ne a cikinta, abin da aka koya masa a kamfani shi kaɗai ya sani, ba ƙari.

Mutane suna ganin .mp4 a ƙarshen suna sai su ɗauka shi ke nan ai duk MP4 ɗaya ne. Ina! MP4 da MKV da MOV da AVI kamar kular abinci suke, ganin kula ba ya gaya maka tuwo ne a ciki ko taliya. Abin da ke ciki shi ne kodek, wato hanyar da aka matse hoton da ita, kuma sautin ma da nasa kodek ɗin daban. Shi ya sa talabijin za ta iya buɗe fayil ta gane sautin ta kasa gane hoton, ko akasin haka. Akwai wata ƴar manhaja kyauta MediaInfo mai nuna kodek ɗin da ke cikin fayil, ita nake fara jefa wa duk fayil ɗin da ya shigo hannuna kafin in taɓa shi.

Matsalarmu a nan ita ce duk zamunnan suna raye lokaci guda. Ɗakin amarya sabuwar talabijin ce mai 4K da intanet, gidan iyayenta filasma ce da ta kwana biyu, wajen kakarta kuma DVD ce mai bakin filashi, kuma duk bikin ɗaya suke son kallo. Kodek ɗin hoto na H.264 tun 2003 ya fito, don haka da wuya ka samu waya ko talabijin mai bakin filashi da ba ta san shi ba. H.265, wanda ake kira HEVC, sai 2013, yana iya rage girman fayil kusan rabi ba tare da kwaliti ya faɗi ba, abin sha'awa ne wallahi musamman ga mai ƙirga data, amma tsoffin na'urori ba su san da zamansa ba, ga kuma rikicin kuɗin lasisi da ya sa kamfanoni da yawa suka yi ta jan ƙafa. Ko a Windows 10 sai ka nemo ƙarin manhajarsa daga shagon Microsoft kafin fileyar da ta zo da kwamfutar ta buɗe shi. AV1 na 2018 shi babu kuɗin lasisi, YouTube da Netflix suna amfani da shi, amma ni a sana'ata lokacinsa bai yi ba tukuna.

Inda abin ya fi cin lokaci shi ne bidiyon ƙawayen amarya. Yanzu ba a biki sai an ce "don Allah ka haɗa da wanda muka ɗauka a ɗaki wajen lalle", kuma yawanci da iPhone ne. Tun iOS 11 a 2017 iPhone take ɗauka da HEVC in ba kai ka canza ba, daga iPhone 12 kuma aka ƙara HDR mai bit 10, wato tsarin da ke ƙara wa hoto haske da zurfin kala. A wayar kyau kamar me, amma ka jefa shi cikin aikin da aka tace a kala ta yau da kullum sai ka ga jan lallen ya koɗe, leshi mai ruwan gwal ya koma fari fat, fuskar amarya ta yi toka-toka, ita kuwa ba ruwanta da wani bit 10, cewa za ta yi mai bidiyo ya ɓata mata kwalliya. Sai na fara juya shi zuwa kala ta talakawa mai bit 8 kafin ya shiga editin. In na samu dama kafin biki nakan roƙe su su shiga saitin kyamara, wajen Formats, su zaɓi Most Compatible, su kuma kashe HDR ɗin bidiyo. Wasu su ji, wasu su ce za a rage musu kwaliti.

Wani abin kuma waya ba ta riƙe gudun hoto ɗaya, in haske ya ragu sai ta rage yawan hotunan da take ɗauka a daƙiƙa, to a dogon bidiyo sai ka ga bakin liman ya gama addu'a muryar tana biyo baya. HandBrake, manhajar juya bidiyo, nake sa wa ya daidaita shi a hoto 25 ko 30 a daƙiƙa cak kafin komai.

Ga abin da na tsaya a kai yanzu, kuma tun da na koma masa kiran ƙorafi ya ragu sosai: MP4, hoto H.264 mai bit 8, 1080p, kar ya wuce Level 4.1, sauti AAC sitiriyo. Maganar Level ɗin nan, wato ma'aunin nauyin bidiyon da na'ura za ta iya ɗauka, ba ƙaramar magana ba ce, don 1080p mai hoto 60 a daƙiƙa yana buƙatar 4.2, tsohuwar filasma kuma sai ta riƙa sarƙewa tana tsalle ko ta ƙi gaba ɗaya. Sauti kuwa, wasu kyamarori PCM suke zubawa a cikin MOV, finafinan da maƙocina mai turi yake saukowa da su kuma sau da yawa DTS ne ko EAC3 a cikin MKV, su ne masu kawo hoto babu murya. Ba sai an sake matse hoton ba ma, sautin kawai za a juya, minti kaɗan an gama.

Sai filashin kansa. Tsoffin talabijin tsarin fomat na FAT32 suka fi ganewa, shi kuma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gig 4, manyan filashi na 64 zuwa sama kuma yawanci da exFAT suke zuwa, wanda shi ne dalilin Hajiyar da ko suna ba ta gani ba. Lissafin mai sauƙi ne, megabit 8 a daƙiƙa yana ba ka wajen gig 3.6 a awa ɗaya, don haka nake sayen na 16 ko 32 in raba bikin gida-gida, kamu daban, ɗaurin aure daban, dina daban, kai amarya daban. Mutane ma sun fi son haka, kowa ya tsallaka inda ya fito.

WhatsApp in ka tura a matsayin bidiyo zai matse shi ya rage kwaliti amma zai buɗe a kusan kowace waya, in ka tura a matsayin dokumen zai tafi yadda yake har gig 2, sai dai in HEVC ne ƙaramar tsohuwar waya za ta iya tsayawa tana kallonka. H.265 ɗin ban yar da shi ba fa, da shi nake ajiye kwafina a hadis ɗin kwamfuta don kar ya ci wuri.

Na sayi wata tsohuwar filasma da DVD wajen mai gyara na ajiye a shago, duk aikin da bai yi a kansu ba ba ya fita. Kuma kafin in karɓi kafin alƙalami sai na tambaya a me za a kalla. In aka ce akwai DVD ɗin tsohuwa a ƙauye, to wannan kodek ɗin Xvid ne a cikin AVI, faɗinsa kar ya wuce 720, sauti MP3, kuma da yake HandBrake ya daɗe da daina fitar da AVI sai dai in bi ta wata manhajar, FFmpeg, kwafi na biyu ke nan kuma kuɗinsa daban.