Abinda koyar da makafi tafiya a Baltimore ya nuna min game da launin fata

Aikina a nan birnin Baltimore na Amurka shi ne koya wa mutanen da suka rasa ganinsu yadda zasu yi tafiya da farar sanda su kaɗai, babu ɗan jagora. Sana'a ce mai zaman kanta, karatu ake yi a kanta sosai, kuma kai ma sai an ɗaure maka ido ka yi ta yawo a gari har ka san me kake shirin koyarwa. Yadda ake riƙe sandar a tsakiyar jiki, a buga ta dama lokacin da ƙafar hagu take gaba, yadda ake sauraron motocin da suke tafiya ta gefenka don ka gane danja ta baka hannu, yadda ake bin bakin ciyawa ko jikin bango har ka laluba ƙofa. Ƙa'idar nan tana aiki wallahi, naga mutumin da ya yi wata da watanni a ɗaki yana tsoron fita ya koma shiga bas shi kaɗai. Sai dai waɗanda suka tsara ta wani irin makaho ne a ransu, mai zama a unguwa mai gyararren titi, wanda in ya ɓata hanya ya tsaya a ƙofar gidan wani babu mai kira masa 'yan sanda, kuma yawancin ɗalibaina ba shi bane.

Tun daga kan waye ma yake makancewa abin ya soma. Garin dama kusan kashi 60 baƙaƙen fata ne, to ba abin mamaki bane su fi yawa a wajenmu, amma in ka duba takardun asibitin da suke zuwa dasu cuta biyu zaka yi ta gani, hawan jinin ido da ciwon suga. Hawan jinin ido kamar gara yake, ba zafi ba ciwo, ta gefe yake fara cin gani yana matsowa tsakiya, ranar da mutum zai lura an riga an cinye abinda ba zai dawo ba. A nan garin ma aka yi babban binciken da ake kafa hujja da shi har yau, likitocin jami'ar Johns Hopkins suka duba idon mutum sama da 5,000 a gabashin Baltimore a shekarun 1980, sakamakon da ya fito a 1991 ya nuna cutar ta ninka sau huɗu zuwa biyar a baƙaƙe akan Turawa, kuma tana kama su tun da sauran ƙuruciya. Akwai gado a ciki, ba musu, don ko a gida Najeriya binciken ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya sa ta ta biyu a masu makantar da mutane bayan yanar ido. Amma gado ciwon yake baka, makantar kuma jinkiri ne yake kawo ta. In an gano da wuri maganin ɗigawa ne kullum, ko a yi aiki, mutum ya mutu da idonsa. To waye ake ganowa da wuri? Mai inshora, mai aikin da zai ɗauki hutun yini ba a yanke masa kuɗi ba, mai wanda zai tuƙo shi gida tunda in an ɗiga maganin buɗe ido ba ka iya tuƙi. Mai gadi ko mai shara da ake biya da awa, wanda idonsa ba ya masa ciwo, me zai kai shi?

Akwai kuma rashin yarda da likita, wanda da farko baƙo zai ɗauka taurin kai ne. Tsofaffin nan sun girma da labarin Tuskegee, inda daga 1932 har 1972 hukumar lafiya ta gwamnati ta bar ɗaruruwan baƙaƙen maza da ciwon tunjere ba magani don kawai a ga yadda yake kashe mutum. In dattijuwa ta ce maka ita ba mai taɓa mata ido da wuƙa, ba camfi take ba, tarihi take tunawa, kuma lallashi ya fi wa'azi amfani a wajen.

Sai titi. Mu ba a aji muke koyarwa ba, unguwar mutum muke zuwa, daga ƙofar gidansa zuwa tashar bas, zuwa kantin magani, zuwa coci ko masallaci. In ɗalibi yana zaune wajen Roland Park, unguwar masu hali, darasin yadda yake a littafi haka yake tafiya, hanyar ƙafa shimfiɗe, kwana a fili, shiru yadda zaka ji mota tun daga nesa. Ka gangara yamma irin su Sandtown kuwa, siminti ya farfashe saiwar bishiya ta ɗaga shi, gidajen da aka watsar sun jeru wani an kewaye shi da shinge har kan hanya dole ka sauka kan kwalta, tarin shara da katifa a inda jiya babu komai, kuma makaho da abinda ya haddace jiya yake tafiya yau. Mai keken guragu nashi ya ma fi muni, a 2021 wasu masu keke suka kai birnin kotu, hujjarsu binciken birnin ne da kansa da ya nuna ƙasa da kashi 2 cikin 100 na gangaren bakin titi ne suka cika sharaɗin doka, dokar kare haƙƙin naƙasassu da aka sa wa hannu tun 1990. Wannan lalacewar ta shafi ko'ina a garin, amma mai mota a ƙofar gida da mai jiran bas ba ɗaya suke jinta ba.

Kuma ba haka kawai unguwannin suka tashi suka rabu ba. Baltimore ce ta fara yin dokar raba wajen zama tsakanin baƙi da fari a Amurka a 1910, Roland Park kuma takardun filayenta ma sun hana baƙar fata zama sai dai ɗan aiki, sannan a shekarun 1930 gwamnatin tarayya ta zana taswira ta shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi, wato kar banki ya ba da bashin gida a nan. Na kusa-kusa kuma, a 2015 gwamnan jiharmu ta Maryland na lokacin, Larry Hogan, ya soke layin jirgin ƙasa na Red Line da zai haɗa yammacin garin da gabas, aka bar dala miliyan 900 ta tarayya ta wuce, kuɗin jiha kuma aka karkatar da shi kan hanyoyin mota. An sake tayar da maganar a 2023 amma ai shekarun da suka tafi sun tafi. Ga wanda ba zai taɓa riƙe sitiyari ba har abada, wannan ba siyasa bace ta jarida, ita ce bambancin samun aiki da zaman gida.

Maganar kuɗi ma haka. Tallafin SSI da ake ba naƙasasshen da ba shi da hali yana da sharaɗin kar dukiyarka ta wuce dala 2,000, adadin da ba a taɓa ba tun 1989. Doka ɗaya ce ga kowa, eh. Amma ƙididdigar babban bankin Amurka ta 2022 ta ce matsakaicin gidan Bature yana da dukiyar kusan dala 285,000, na baƙar fata kusan 45,000. To kaga yaro makaho ɗan gidan farko, shi a takarda talaka ne, amma iyaye sun sa lauya ya buɗe masa asusun amana da doka ba ta ƙirgawa, an saya masa iPhone sabuwa mai karanta masa komai, in bas ta ƙi zuwa ya kira Uber. Na biyun dala 2,000 ɗin ma bai taɓa ganinta a dunƙule ba, motar gwamnati ta ɗaukar naƙasassu yake jira wadda sai ka yi rajista tun jiya kuma ta zo lokacin da ta ga dama, ya makara wajen neman aiki a ce ba shi da himma. Mu kuma a rahoto duk biyun zamu rubuta sun kammala horo.

A makaranta an koya mana tarihin fafutukar naƙasassu, kuma tarihi ne mai ban sha'awa, musamman zaman dirshan na Afrilun 1977 a San Francisco, inda makafi da guragu da kurame suka mamaye ofishin gwamnati sama da sati uku har minista Joseph Califano ya sa hannu akan ƙa'idojin sashe na 504, wato dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, ranar 28 ga wata. Sunan Judy Heumann, ɗaya daga jagororin zaman, kowa ya sani kuma ta cancanta. Abinda aka wuce da sauri shi ne waye ya ciyar dasu. Brad Lomax, ɗan ƙungiyar fafutukar baƙaƙe ta Black Panther, mai tafiya a keken guragu, yana cikin ginin tare da mai kula da shi Chuck Jackson, saboda shi 'yan ƙungiyar suka riƙa kawo abinci mai zafi kullum, waɗanda suka yi zaman da bakinsu suka ce ba don abincin nan ba da an watse. Ni inaga ba mantuwa bace ta sa ake tsallake wannan, sunan Panther ne bai dace da hoton da ake son nunawa ba.

Makarantun makafi da kurame su ma a da a rabe suke a jihohin kudu. Nan Maryland an buɗe ta baƙaƙe daban a 1872, kuma hukuncin kotun ƙoli na 1954 da ya haramta raba makarantu bai sa an haɗe nan take ba, a Louisiana sai 1978 aka rufe ta kuramen baƙaƙe. Rabuwar ta daɗe har maganar hannun kuramen baƙaƙe ta zama tana da salonta daban da ta Turawa. Wani abu da ya taɓa mu kai tsaye, Andrew Foster wanda ya fito daga irin wannan makarantar a Alabama, shi ne baƙar fata na farko da ya yi digiri a Gallaudet, jami'ar kurame, a 1954, shi ya zo Accra a 1957 ya buɗe makarantar kurame, ya zo Ibadan a 1960, dalili kenan da maganar hannun da ake koyarwa a makarantunmu take kama da ta Amurka, ba irin wadda kuramen Kano suke yi a tsakaninsu ba.

Amma darasin da ya fi zauna min ba daga littafi ya zo ba. A ƙa'ida in ka ɓata, ka tsaya, ka saurara, in ka ji takun mutum ka juya wajensa ka nemi taimako, in ka kauce ka shiga harabar gidan wani ka bi gefen ta ka fito. Ina cikin bayanin nan wani dattijo, tsohon direban babbar mota, dogo ƙaƙƙarfa, hawan jinin ido ya gama da shi, ya tsayar dani ya ce ɗana, kai ma fa baƙi ne, ka taɓa tunkarar Baturiya da magariba a unguwar da ba taka ba kana riƙe da ƙarfe? Na ce a'a Baba. Ya ce to ni ma ba zan fara yanzu da ba na gani ba. Daga nan ya shiga lissafo min nashi dokokin, ba ya naɗe sandar ya sa a aljihun baya ko a cikin bas ne, gara kowa ya ganta a miƙe fara tas da jan bakinta, ba ya sa riga mai hula, ba ya sa baƙin tabarau da yamma duk da haske yana damunsa, in waya ta yi ƙara yana kan titi ba ya zura hannu a aljihu da sauri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bayan shi na fara tambayar sauran, maza musamman, kusan kowa yana da irin wannan lissafin nashi da babu malamin da ya koya masa, iyaye mata kuma masu yara kurame ko masu galahanga tsoronsu ya ma fi haka, don ɗan sanda zai daka tsawa ya ce tsaya, nuna hannunka, kalle ni, yaron da bai ji ba ko ya ɗaga hannu zai yi magana da shi sai a ce ya yi gardama. Makaho kuma da hannu ake nuna masa inda zai tsaya, bai gani ba, shikenan ya ƙi bin umarni.

Tsoron yana da asali. Ranar 12 ga Fabrairun 1946 Isaac Woodard, sajan da ya dawo daga yaƙin duniya na biyu, a ranar aka sallame shi yana sanye da kakinsa, ya yi sa'insa da direban bas akan ya tsaya ya zaga, a garin Batesburg na South Carolina shugaban 'yan sanda Lynwood Shull ya sauke shi ya yi ta dukansa da kulki har ya tsiyaye masa ido biyu, yana da shekara 26. An kai Shull kotun tarayya, masu yanke hukunci duk Turawa, ko awa ɗaya ba su yi ba suka wanke shi. Maganar tana cikin abinda ya tunzura shugaba Truman har ya soke wariya a soja a 1948, shi kuwa Woodard a makance ya rayu har 1992. Tsofaffin da iyayensu suka yo hijira daga Carolina zuwa Baltimore neman aikin ƙarfe da tashar jirgin ruwa, ba a aji suka ji irin waɗannan labaran ba.

Da na kawo shawarar a sa wannan cikin tsarin koyarwa, wata abokiyar aikina, mutuniyar kirki ce kuma ta fi ni sanin aikin nesa ba kusa ba, ta ce tana tsoron kar mu ƙara wa mutane fargaba alhali aikinmu cire musu ita ne. Akwai gaskiya a maganarta, don wanda ya ji tsoron fita ya zauna a ɗaki shi ma an cuce shi. Ni dai a ganina fargabar dama suna da ita, mu ne kawai ba ma maganarta. Ba a sa shi a tsarin ba har yanzu, to sai nake cusa shi ƙarƙashin darasin neman taimako tunda ba wanda ya hana. Muna gwadawa ne kamar yadda ake gwada tsallaka titi, ni in zama ɗan sanda in daka tsawa daga baya, ɗalibi ya tsaya cak, kar ya juya da sanda a ɗage, ya ce da ƙarfi ni makaho ne, abin hannuna sandar tafiya ce, ba na ganin abinda kake nuna min, faɗa min da baki. In an nemi kati ya fara faɗin aljihun da yake kafin hannu ya motsa. Masu ciwon suga kuma muna ƙara musu su sa abin hannu mai rubutun ciwonsu, saboda in suga ya faɗi mutum yana tangaɗi harshe ya karye, kuma ba kowane ɗan sanda zai fara tunanin asibiti ba.