Inda aka kwana da tsofaffin sifikun nan

Salam 'yan uwa masu koyon harkar sauti. Sifikun nan da na tsinto a kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarik nan Jidda, na gama kankare tsohon soson da ke zagaye da bakin kwalin, wato mazubin takardar nan da ke motsi ya fitar da sauti, dama ya riga ya zama gari, da ka taɓa sai ya biyo yatsa. Zafi da laimar garin nan ba sa ƙyale irin wannan soson, shi ya sa na yanzu da yawa roba ake sa musu. Na manna sabo da gam, kafin ya bushe ina ta danna kwalin a hankali don in ji ko koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke manne da kwalin, na gogar ƙarfe, in ya goga to wallahi duk waƙar da ka sa sai ka ji kirrr a ciki.

Da na kwance sifikar ne na ga ashe cikinta ɗaya da na 'yar Bluetooth ɗin yara. Waya ce naɗe a ratar maganaɗisu, wuta ta bi ta ciki ta motsa gaba da baya ta tura kwali, kwali ya tura iska. Rice da Kellogg na General Electric a Amurka suka fito da tsarin a 1925, har yau shi ake yi. Abin da ke kewaye da shi ne ya yi ta canzawa.

Maganaɗisun farko ma sai an ba shi wuta yake aiki. Daga baya aka koma maganaɗisun alnico mai ƙarfen kobalt a ciki, to a 1978 rikici ya tashi a Shaba ta Zayar, wato Kongo ta yanzu, inda ake haƙo kobalt ɗin, farashi ya yi sama, kamfanonin sifika irin su JBL suka koma maganaɗisun ferayit, baƙin zoben nan mai nauyi da ke bayan nawa. Maganaɗisun neodimiyom ɗan ƙarami mai ƙarfi sai a shekarun 1980.

Amma akwati ne ya fi ɗaukar min hankali tunda shi ne aikina na gaba. Da can amfilifaya ba ta da ƙarfi, wat kaɗan ne, dole sifika ta zama ƙatuwa kamar kabat, sifikar Klipschorn ta 1946 ma sai a kusurwar ɗaki ake ajiye ta bango ya taya ta fitar da bes. A 1954 Edgar Villchur ya rufe akwatin ruf, iskar da ke ciki ita ke dawo da kwalin wurinsa, sai ga bes mai zurfi daga ƙaramin akwati, sai dai tana cin wat sosai. Thiele a Ostareliya a 1961, daga baya Small, su suka kawo lissafin girman akwati da ramin iska aka daina cinta-cinta. Ƙananan na yanzu kuwa manhaja ce ke ƙara musu bes, suna da daɗi a kan tebur ban musa ba, amma ka sa ɗaya a majalisa cike da mutane ga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na ruri ka ji yadda take shaƙewa.

Ni dai rufaffe zan yi, ya fi sauƙin lissafi. Katakon MDF mai kauri mili 18, najjar, wato kafinta, zai yanka min, in toshe duk gaɓa da silikon in cusa auduga. Wanda ya taɓa auna wufa, wato sifikar bes, da mitar lantarki don lissafin girman akwati, don Allah ya faɗa min yadda ya yi kafin in kai awon.