Abin da na koya daga rarraba manyan lambobi

A shekarun da na yi ina koyar da lissafi, na lura cewa da zarar an rubuta babbar lamba a kan allo, tsawonta ne ke fara ɗaukar hankalin ɗalibai, alhali kuwa tsawon ba ya faɗin komai game da halinta. Halin lamba yana cikin lambobin tushe da aka ninka aka same ta, wato irin su 2, 3, 5 da 7, waɗanda babu abin da ke raba su ba saura sai ɗaya da su kansu.

Lambar da na fi yawan kafa misali da ita ita ce 720,720. Ba ta kai miliyan ɗaya ba, amma lambobi 240 ne ke raba ta daidai, shi kuwa miliyan ɗin, duk da kwarjininsa, masu raba shi 49 ne kacal, domin babu komai a cikinsa sai 2 guda shida da 5 guda shida. Idan aka warware 720,720 za a tarar da 2 guda huɗu, 3 guda biyu, sai 5, 7, 11 da 13 ɗai-ɗai. A ƙara ɗaya a kan kowane adadi, huɗu ya zama 5, biyu ya zama 3, kowane ɗaya ya zama 2, sai a ninka 5 sau 3, sannan a ninka da 2 har sau huɗu, sai ga 240 ta fito ba tare da an zauna ƙirga su ba. Tun daga 1 har zuwa 16 kowace lamba tana raba ta, 17 ce ta fara barin saura. Babu wata lamba ƙasa da ita da ke da masu rabawa da yawa haka, kuma irin waɗannan lambobi ne masanin lissafi Ramanujan ɗan Indiya ya yi dogon nazari a kansu a 1915.

Darasin da ya fi wuyar shiga kan ɗalibi, a ganina, shi ne kada a sa lamba a wani rukuni saboda kamanninta. Masanin nan Bafaranshe, Fermat, ya yi zaton 4,294,967,297 lambar tushe ce, saboda 'yan'uwanta biyar da suka gabace ta a jeri guda (jerin da ake samu idan aka fara da 2, ana ninka kowace lamba da kanta, sannan aka ƙara ɗaya a kan kowace), 3, 5, 17, 257 da 65,537, duk na tushe ne. Sai a 1732 wani masanin lissafi mai suna Euler ya nuna cewa 641 sau 6,700,417 ce. Ita kuwa 2,147,483,647, wadda ita ma alƙalumanta goma ne kuma ta ƙare da 7, lambar tushe ce ta gaske, kamar yadda Euler ɗin ya tabbatar a 1772. Nakan rubuta su biyun kusa da juna, in ce ɗalibai su nuna ta tushen, sai ajin ya rabu gida biyu, daga nan in umarce su su raba ta farkon da 641 da hannu.