Kafin Ka Sayi Makirufo, Tafa Hannu a Ɗakinka

Ɗan ƙanwata ne ya miƙo min wayarsa yana nuna min hoton makirufon da yake shirin saya. "Kawu, duba wannan, irin na mawaƙa ne." Ya daɗe yana tara kuɗin ɗinki, yana so ya fara karanta littattafan Hausa yana ɗorawa a YouTube. Na tambaye shi a wane ɗaki zai riƙa karatun, ya ce ɗakin zaure. Wato ɗakin da tagarsa ke kallon titi, ƙasa tayil, bango filasta tsirara, sama kwano babu silin. Na ce masa ya riƙe kuɗinsa tukuna, sai ya yi min kallon nan da yaran yanzu suke yi wa babba in sun ɗauka baƙin ciki yake musu. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don na san ba shi kaɗai ba ne.

Abin da yake shirin yi, shi na yi, har ma nawa ya fi muni. Na sayi ƙaton makirufo irin wanda ake kira kondensa, don kawai na ga irinsa ne ke rataye a gidajen rediyo. Ban san ba ya aiki sai an ba shi wuta ta bolt 48 ta cikin wayarsa mai baki uku ba, wadda ake kira XLR. Na koma kasuwa, wani mai shago ya haɗa ni da ƙaramin akwatin sauti mai fitilu kala-kala da maɓallin tafi da na dariya. Ba don littafi aka yi shi ba, don masu hira kai tsaye a waya ne, kuma yana zuba wani "shuuu" a ƙarƙashin kowace kalma. A lokacin ban ji ba, saboda da lasifikar laftof nake sauraro. Zan iya cewa babu wanda zan tambaya a wancan zamanin, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba a cika samun bayani da Hausa ba. Amma akwai wani injiniyan sauti a unguwarmu, girman kai ne ya hana ni zuwa in ce masa ban sani ba.

Da na samu akwati na kirki, makirufon ya fara aiki yadda aka ƙera shi, nan ne na gane inda na sa kaina. Kondensa kunne gare shi. Ya ɗauko janaretan maƙwabci, ya ɗauko kukan akuya, ya ɗauko adaidaita sahu daga bakin titi, ya ɗauko fankar laftof ɗina da kukan cikina idan ban karya ba. Abin da ya fi duka ɓarna shi ne muryata da kanta, tana dukan bango tana dawowa. Hayaniyar waje kana iya jira ta wuce. Amsa-kuwwar ɗaki kuwa tana manne da kowane harafi, kuma cire ta bayan an naɗa ba ya yiwuwa ba tare da an taɓa lafiyar muryar ba.

Sai na ƙara wauta a kan wauta, na bi masu sayar da ƙwai na tara kiret-kiret na manna a bango. Ba su hana ƙarar waje shigowa ba, ba su kashe amsa-kuwwa ba, kyankyasai kawai suka samu gida. Ku fahimci wannan da kyau, abu biyu ne daban. Hana ƙarar waje shiga aikin nauyi ne: bulo mai kauri, ƙofa mai nauyi, toshe duk wata kafa da iska ke bi. Kashe amsa-kuwwa kuma aikin abu mai laushi da kauri ne. Siririn soson nan mai tudu-tudu da ake tallatawa yana shanye sautin sama ne kawai, ya bar maka gunjin ƙasa, murya ta fito a toshe. Katifa da aka jingina a bango ta fi shi aiki. Haka bargo mai nauyi da aka rataya, a bar tazarar kamar faɗin tafin hannu tsakaninsa da bango, da kafet a ƙasa, da wadirof a buɗe cike da kaya. A fara da bayan mai karatu da gefensa, domin makirufo abin da ke gabansa yake ji, kuma gabansa kai ne da bangon da ke bayanka.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Tsaya inda za ka zauna, ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Idan ka ji wani "tirrr" ya biyo bayan tafin, ɗakin bai shirya ba, ko makirufon miliyan ka kawo.

Mafi ciwo shi ne abin da na yi wa littafin farko. Na naɗe shi duka cikin wannan hayaniya, da tunanin manhaja za ta wanke. Na buɗe Noise Reduction, wato abin rage hayaniya na manhajar naɗin sauti ta Audacity, na ɗaga shi har inda shiru ya zama shiru. Hayaniya ta tafi, amma muryar ta koma kamar mai magana daga cikin rijiya, kuma gajerun wasulan ƙarshen kalma suka riƙa gutsurewa. Hausa ba ta yafe wannan. Harshe ne da tsawon wasali da hawa da saukar murya ke rarrabe ma'ana, in ka ci wutsiyar kalma ka ci ma'anarta. Ƙari a kan haka, MP3 kawai na ajiye, na goge asalin naɗin don in samu wuri a kwamfuta, saboda haka babu inda zan koma in gyara. Har yau wani ɓangare na zuciyata yana cewa ai karatun ya yi daɗi, masu sauraro ma ba su yi ƙorafi sosai ba. Wataƙila. Amma marubuciyar da ta ba ni amanar littafinta ba ta sake kawo min wani ba, kuma ba ta yi min rashin adalci ba.

Na yi niyyar jero muku shawarwari goma. Da na duba, ba su kai ba.

Idan ɗakinka irin na yawancinmu ne, sayi makirufo dainamik. Yana buƙatar ka matso kusa, kuma saboda kana kusa muryarka tana danne hayaniyar ɗaki. Samson Q2U da Audio-Technica ATR2100x duk suna da baki biyu, USB da XLR. Yau ka cusa shi kai tsaye a laftof, gobe in ka samu hali ka sayi akwatin shigar da murya irin Focusrite Scarlett Solo ko Behringer UMC202HD, ba tare da ka jefar da makirufon ba. Shure SM7B da kuke gani a bakin masu hira a bidiyo yana da kyau, amma yana son ƙarfin shiga kusan dB 60 (dB shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), ƙaramin akwati zai yi ta nishi yana ƙara maka "shuuu". Ba naka ba ne a yanzu. In faɗi gaskiya, ni da kondensa nake aiki a yau, kuma Rode NT1 ko AT2020 suna fito da zaƙin murya fiye da dainamik mai araha. Amma sai da ɗakin ya gyaru na koma masa. Wanda ya gyara ɗakinsa da gaske, ya sayi kondensa, ban hana ba.

Hedifon ba ado ba ne. A nemi mai rufe kunne ruf, mai waya, irin Sony MDR-7506 ko Audio-Technica ATH-M20x. Na bulutut yana kawo jinkiri, wasu kuma suna ƙara wa sauti kauri, su ɓoye maka aibin da ya kamata ka ji. Sai matatar iska, zagayayyen ƙyallen nan da ake sa wa a gaban makirufo, wanda ko da safar mata mai shara-shara da zoben waya za ka iya haɗawa. Bar tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakanin bakinka da kondensa, dainamik kuma ka matso zuwa kamar faɗin yatsu huɗu. Ka ɗan karkatar da shi yana kallon gefen bakinka. Namu "f" da "b" suna busa iska, "ƙ" da "ts" kuma suna fita da ƙyas, in ka fuskance shi kai tsaye duk za su buga. Ka sa shi a kan sanda, kada ka riƙe a hannu, kuma kada sandar ta zauna a teburin da kake dafawa.

Wuta. Lantarkinmu yana tafiya ne a kan hertz 50, kuma shi ne "huuum" ɗin da kake ji idan caja tana jikin laftof, balle a kan janareta ko inbata mai araha. Cika batir, zare caja, sannan ka naɗa. Kashe fanka, kashe firji in yana kusa, ka nisanta wayar hannu. Eh, za ka yi gumi. Ka yi minti ashirin, ka buɗe ƙofa ka sha iska, ka dawo. Lokaci mafi shiru shi ne tsakar dare zuwa kafin kiran assalatu. Da damina, in ruwa ya sauka a kwano, rufe littafi kawai. Da hunturu baki yana bushewa ya riƙa yin ɗas-ɗas a makirufo, sai a ajiye ruwa mai ɗumi a kusa, a guji madara da abu mai maiƙo kafin zama. Kuma ka karanta daga allon waya ko tablet da aka kashe wa sabis, takarda tana ƙara.

Batun manhaja ne yake fi ba ni haushi da ku. Yaro bai iya numfashi a tsakiyar jimla ba, amma yana yawo da filasha yana neman a saka masa manhajar sata mai tsada, wai ita ƙwararru ke amfani da ita. Audacity kyauta ce, kuma ta isa ta fitar da littafi daga bango zuwa bango. Wanda ya ƙware yana son abin da ya fi ta sauri, akwai Reaper, ana gwada ta kwana 60, lasisin mai ƙaramin ƙarfi dala 60 ne sau ɗaya. Adobe Audition kuɗin wata-wata ake biya, da dala, ka yi lissafi da kanka. Abin da za ka koya a ko wacce shi ne Punch and Roll: in ka yi tuntuɓe, ka koma farkon jimlar, manhaja ta kunna maka daƙiƙu kaɗan na baya ka ji sautinka, ka ɗora daga nan. A Audacity Shift da D ake dannawa. Wannan kaɗai yana rage rabin wahalar tacewa.

Saitin naɗi: 44.1 kHz, layi ɗaya wato mono, a ajiye a WAV, wato fayil ɗin da ba ya matse sauti kamar MP3. Juya maɓallin ƙarfin shiga har mafi ƙarfin maganarka ya tsaya tsakanin -12 da -6 dB. In ya taɓa sifili ya fashe, fasasshen sauti kuma ba ya ɗinkuwa. A farkon kowane zama ka yi shiru na daƙiƙa 30 makirufo yana ɗauka. Da wannan shirun ɗakin za ka cike giɓi in ka yanke wani wuri, domin shiru na sifili tsantsa yana sa mai sauraro ya ɗauka wayarsa ta mutu.

Ma'aunin da aka fi bi a duniya shi ne na ACX, dandalin da ke kai littattafai Audible na kamfanin Amazon. Matsakaicin ƙarfin murya, RMS, tsakanin -23 da -18 dB. Ƙololuwa kada ta wuce -3 dB. Hayaniyar shiru ƙasa da -60 dB. MP3 mai 192 kbps ko sama (kbps shi ne ma'aunin inganci da nauyin fayil), kowane babi fayil ɗinsa daban, kada ya wuce minti 120. Ko ba can za ka kai ba, ka riƙe waɗannan lambobi, su ne za su hana babi na uku ya fi na biyu ƙara. Jerin gyaran ba shi da yawa: yanke duk abin da ke ƙasa da hertz 80, daidaita RMS zuwa -20, sa Limiter, mai hana ƙololuwa wuce iyaka, a -3.5, sannan ka auna da ƙarin manhajar ACX Check da ake saka wa Audacity. In shirunka bai kai -60 ba, ka taɓa Noise Reduction da kamar dB 6, kada ka wuce. In dB 6 bai isa ba, matsalar ɗaki ce ko wuta, tashi ka gyara can.

Na ce a fitar a 192, amma ku tuna waye mai sauraronku. Awa ɗaya a 192 kbps kusan MB 86 ce. Matar da ke sauraro a kicin da datar ɗari biyu ba za ta sauke wannan ba. Ka fitar mata da kwafi na biyu a 64 kbps mono, awa ɗaya ba ta kai MB 30 ba, kuma murya tana fita sarai a WhatsApp da Telegram. Asalin WAV kuwa, awa ɗaya a bit 16 ta ɗan haura MB 300, ka ajiye shi wuri biyu, ɗaya a wajen kwamfutar.

Kuna son a ce muku da waya ma za a iya. To, za a iya farawa. Waya a cikin wadirof mai cike da kaya ta fi kondensa a ɗakin zaure, na ji da kunnena. Amma kada ka karɓi kuɗin marubuci da waya, tana matse sauti tana ɗagawa da saukewa yadda ta ga dama, kuma littafin awa takwas zai tona maka asiri. Sannan ka nemi izinin marubucin a rubuce kafin ka karanta ko shafi ɗaya. Wannan ɗabi'a ta kwashe littafin mutum a ɗora a YouTube ana cin kuɗin talla ba da saninsa ba, sata ce, ko da muryarka ta fi ta kowa daɗi.

Kuma ka sani, awa ɗaya da aka gama tana cin awa biyar zuwa shida na aiki a hannun sabon shiga, tsakanin karanta littafin tun farko, naɗi, sauraro da tacewa. Saboda haka kada ka naɗi littafi duka kafin ka gwada. Naɗi minti biyar, ka tace, ka auna, ka saurara a hedifon, a lasifikar waya, da cikin mota in ka samu. Ka tura wa wanda ba ya jin kunyarka. Sai ya ce ya yi, sannan ka buɗe babi na ɗaya.