Inda Muka Kwana a Koyon Tuƙi a Kogin Kam

'Yan'uwa sababbin shiga, ga inda muka kwana a wannan zangon karatu a ƙungiyar tuƙi ta kwalejinmu a Kambirij ta ƙasar Ingila. Mu takwas ne a jirgi, kowa da filafili ɗaya, sai koks na tara da ke riƙe da igiyar juya jirgi. Shi kaɗai ke ganin gaba, mu kuwa baya muke ba wa inda za mu.

Fita ruwa da sassafe ne, kafin lacca. A sanyin Nuwamba yatsu kan ƙage tun kafin a sauke jirgi daga kafaɗa. Tafin hannu ya yi bororo, ya fashe, yanzu ya zama kanta.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne tsarin ja: ƙafa, sannan baya, sannan hannu. Wajen dawowa sai a juya shi, hannu ya fara miƙewa, jiki ya rusuna, kafin gwiwa ta lanƙwashe. Ƙarfin yana cinya ne, shi ya sa kujerar take gangarawa a kan tayoyinta. Koci na bin mu a keke ta bakin kogi, kuma ya hana mu wuce ja 18 zuwa 20 a minti. A ganina wannan ne atisayen da ya fi amfani, ko da yake shi ne mafi gundura. Idan mutum takwas suka yi gaggawar dawowa, nauyinsu kan faɗa wa gindin jirgi ya taka masa birki, sai ka ga ana ta haki amma gaɓar kogi ba ta motsi. Idan aka dawo a hankali kuwa, kamar ninki biyu na lokacin ja, za ka ji ruwa na tsiyaya a ƙarƙashin jirgi, filafilai takwas su faɗa ruwa da ƙara ɗaya.

Ranar da ba a fita ba, injin atisayen tuƙi na Concept2 ne. Allonsa na nuna lokacin da za ka ci mita 500, ba ya kuma yi wa kowa kara. Ku riƙe lamba ɗaya a dogon zama, kada ku ƙone kanku a mintunan farko. Gwajin mita 2000 na nan tafe.

Duk wannan shiri ne na gasar Lent Bumps da ake yi wajen ƙarshen Fabrairu. Kogin ya yi ƙunci, ba a iya jera jirage kafaɗa da kafaɗa, don haka ake jera su a layi da tazarar tsawon jirgi ɗaya da rabi. Ana buga igwa, kowa ya bi na gabansa har ya taɓa shi. Saboda haka daga mako mai zuwa za mu fara koyon tashi daga tsaye, ja gajeru masu sauri, har mu haura 30 a minti.