Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Sakin Hannu a Zane

A makon jiya mun tsaya kan awo da daidaita siffa. Yau sai abin da ya fi shi wuya, wato mai zane ya daina tsare hannunsa.

Hannun da aka tsare ba ya ɓuya: layi guntu-guntu, ana bi ana maimaitawa, magogi na cin takarda har ta yi gashi. Dalili kuwa ido ya bar abin da ake zanawa ya koma gadin takarda, sai hannu ya riƙa zana siffar da kai ya haddace, ba wadda ke gabansa ba.

Maganin farko, a manne takarda da salatif, a kafa ido kan tafin hannun hagu, a zana shi minti 5 ba a ɗaga fensir ba, ba a kuma leƙa takarda ba. Zanen zai fito a karkace, amma layin zai yi rai. Sannan a koma gawayi da babbar takarda, a tsaye, a riƙe shi daga ƙarshe. Motsi ya taso daga kafaɗa, ba daga yatsu ba. Kowane zane daƙiƙa 30, a yi 20 a jere. Ƙarancin lokacin ne ke hana tunani tsoma baki. Mai zane André Masson a Faransa ya wuce nan a 1924, yana barin alƙalami ya yi yawo ba tare da niyya ba, daga baya ya nemi siffa a cikin layukan.

Fentin ruwa ya fi kowanne hukunta mai shisshigi. A samu takarda mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, don siririya tana kumbura fenti ya taru a kwari. A jiƙa ta, a jira ƙyallin ruwan ya ɗan ragu, a ɗiga launi biyu, a karkata katakon da takardar ke kai su haɗu da kansu. Nan ne akasari ake ɓatawa. Idan aka koma da jiƙaƙƙen burushi takarda na tsakiyar bushewa, sabon ruwan zai ture fentin ya bar tabo mai baki-baki. In aka yi ta dama launi uku ko fiye, sai su koma ruwan laka. A ajiye burushi har ta bushe ƙarau.

Amma fa sakin hannu ba ya maye gurbin koyo; hannun da ya sha horo ne ake saki.

Mako mai zuwa za mu shiga haɗa launi.